Akwai Mutum a Ƙasa

Duk ranar Asabar, tun kafin a buɗe shagon gahawa na bakin tasha, Verna Trevarrow ta riga ta ajiye tsohuwar motarta a bayan rumfar jirgi. Ba ta bin ƙofar gaba inda fasinja ke ɗaukar hoto. Ta ƙaramar ƙofar baya take shiga, ta sauya takalmi, ta zura rigar aikinta wadda baƙin mai ya mayar kamar fata, ta ɗauki garwar mai da ƙugiya da guduma. Abu na ƙarshe da take ɗauka shi ne tutarta. Ba ta ƙyalle ba ce. Fallen ƙarfe ne mai faɗin faranti, an shafe shi da shuɗin fenti, an rubuta sunanta da fari a tsakiya. Sai ta rataye ta a kan jirgi, daidai inda idon direba zai sauka, sannan ta durƙusa ta shige ƙarƙashin taragon farko.

Taragan nan na katako ne, kuma kowannensu ya girmi duk mai rai a garin Pellow. A bakin kowace ƙafa akwai akwatin ƙarfe cike da ulu jiƙe da mai, shi ke hana ƙarfe cin ƙarfe. Verna takan ɗaga murfin da ƙugiya, ta cusa yatsu ta ji ko ulun ya bushe, ta shinshina, ta tsiyaya mai, ta rufe. Ta ƙwanƙwasa ƙafar da guduma ta kasa kunne. Daga nan ta ja jiki a kan tsakuwa zuwa ta gaba. Ranar ruwan sama, ruwa ke bin wuyanta. Da kaka, sanyin tsakuwa ke ratsa ƙashinta. Sama da shekara talatin tana wannan rarrafe. Dubban mutane sun hau jirgin nan, sun gangara bakin tafki, sun dawo lafiya. In ka tambaye su, direba za su tuna, da hularsa da ƙarar usur. Abin da suka sani na Verna bai wuce tafin takalmi guda biyu da ke leƙowa daga ƙarƙashin tarago ba.

Mu da muke aiki a layin nan babu mai albashi. Da aka rufe ramukan jan ƙarfe, kamfani ya kwashe abin da zai kwashe ya bar dogo yana tsatsa, wasu tsofaffin ma'aikata ne suka hana a yanyanka injin a sayar da ƙarfensa. Su suka tayar da shi, suka sa masa suna Hilja. Yanzu masu aski ne, da malaman makaranta da suka yi ritaya, da masu tura dusar ƙanƙara daga titi, kowa ke ba da Asabar ɗinsa kyauta. Abin yana da daɗi, amma yana da illa guda. Wanda ba ka ɗauka aiki ba, ba ka da bakin sallamarsa. Mutum zai tsufa a gaban idonmu, hannunsa ya fara rawa, mu ci gaba da yi masa dariya muna miƙa masa gahawa, don babu wanda yake son ya zama shi ne ya faɗa.

A wannan watan Verna ta ajiye aiki. Ba a yi mata walima ba, ba a yanka kek ba. Har yau akwai waɗanda in sun hango ta a kanti sai su shiga duba farashin gwangwani har ta wuce. Saboda haka ya kamata a faɗi abin da ta yi, a kuma faɗe shi yadda ya faru.

Dokar shuɗiyar tuta gajeriya ce. In an rataye ta, akwai mutum a ƙasa. Ba a motsa jirgi, ba a jona masa tarago, ba a ko taɓa birki. Kuma ba mai sauke ta sai wanda ya rataye ta da hannunsa, ko da shugaba ne, ko da tasha ce ta kama da wuta.

Verna ba a littafi ta koyi wannan doka ba. Mahaifinta, Denzil Trevarrow, mai gyaran tarago ne a zamanin kamfani. Wata rana ana sauri, taragan tama sun taru, wani ya leƙa bai ga kowa ba, ya ɗauka Denzil ya tafi cin abinci ya manta da tutarsa. Sai ya sauke ta. Denzil yana can tsakanin tarago biyu. Verna tana 'yar makarantar firamare a lokacin, kuma ba a bar su sun buɗe akwatin gawar ba.

A cikin injin da ya motsa ran nan akwai wani saurayi mai zuba kwal a wuta, sunansa Arvo Kemppainen. Ba shi ya sauke tutar ba, ba shi ya ja jirgin ba, amma ya ji ƙarar. Shi ne daga baya ya zama direban Hilja, shi ya kwance ta noti bayan noti ya sake ɗaure ta, kuma duk sabon da ya zo layin nan, kafin a nuna masa inda tsintsiya take, sai Arvo ya kai shi gaban shuɗiyar tuta ya ce, "Ka ga wannan? Ka taɓa matata in yafe maka. Ka taɓa wannan, ni da kaina zan binne ka." Shi ya yanka wa Verna fallen ƙarfen nan, shi ya rubuta sunanta a kai, ranar da ta fara zuwa ta ce aikin ubanta take so.

Duk wanda ya yi Asabar ɗaya a rumfar nan ya san muryoyin Arvo da Verna.

"Ke ɓeran ƙarƙashin tarago! Kin gama rarrafen, ko in ɗan runtsa?"

"Runtsa abinka, tsoho. Dama tuƙin naka da barcin duk ɗaya ne."

"Ji mini mata! Fito ki ci fasti, burodin nan mai nama a ciki, 'yata Kaisa ce ta gasa."

"Da karas a ciki?"

"To da me?"

"Allah ya kiyaye. Ku mutanen Finland ba abin da kuka taɓa bai lalace ba. Ajiye mini rabi."

Haka suke, shekara da shekaru. Da mijin Verna ya rasu, Arvo ne ya riƙa zuwa da shebur yana share mata dusar ƙanƙara daga ƙofa, bai taɓa ƙwanƙwasawa ya ce ga shi ya zo ba. Da matarsa ta rasu, Verna ce ta zauna da shi a cikin injin da ba wuta, yini guda.

Bara, da bazara, Arvo ya fara sauyawa. Ya sa abincinsa cikin akwatin sifana ya yi ta nema. Ya tsaya a tsakiyar rumfa riƙe da guduma yana kallonta kamar wani ne ya ba shi ajiya. Kowa ya gani. Kowa ya ce ai tsufa ne, wa ya tsira? Norbert Beaudoin, wanda ke zuba wa Hilja kwal, shi ya fi kowa sani, domin shi ke tsaye kusa da shi a cikin injin. Daga baya ya faɗa da bakinsa cewa tun tsakiyar bazara yake miƙa hannu ta bayan Arvo yana taɓa masa birki a ɓoye, ya kuma yi kamar tuntuɓe ya yi.

Sai muka yanke shawara irin ta masu ƙauna. Aka ce a bar shi ya ƙarasa shekarar, tafiyar kallon ganyen kaka ta zama ta ƙarshe, a yi masa ban kwana na girma, ya sauka da mutuncinsa. Ba wanda ya ce masa an san halin da yake ciki. Aka yi kek mai siffar Hilja. Kaisa, 'yarsa, ta zo da mijinta da 'ya'yanta daga nesa. Ɗayan direban namu yana kwance a asibiti an yi masa aikin ƙugu, amma ba wanda ya damu, tunda ranar ta Arvo ce.

Duk wanda ya hau jirgin nan ya san Gangaren Makabarta. Daga tasha dogo yake sulalewa ta gefen kaburbura, ya yi ta gangara, sai ya yi kwana mai tsini a ƙasa. In direba ya makara da birki a kwanar nan, babu abin da ke gabansa sai duwatsu da ruwan tafki.

Ran nan gari ya waye da sanyi, ganyaye sun yi ja sun yi rawaya har bakin dogo. Taragai suka cika maƙil. Na farkon 'yan makaranta ne, sun manna fuska a gilashi. Verna ta gama zagayenta, ta sauke tutarta, ta tafi ƙarshen jirgin don gwajin birki. Yadda ake yi, ita za ta ɗaga hannu, direba ya kama birki, ta bi taragai tana duba ko kowane ya cije. Ta ɗaga hannu. Shiru. Ta sake ɗagawa. Shiru. Sai ta tako har gaba ta ɗaga kai ta kalli tagar direba.

Arvo yana zaune cikin sabuwar hula. Hannunsa na kan mariƙin birki, wanda ya riƙe har tagullar ta ɗauki siffar tafinsa, amma kallon mariƙin yake yi kamar yau ya fara ganinsa.

"Tsoho, hannuna zai tsinke. Ba ka gan ni ba ne?"

Ya juyo ya yi mata murmushi irin wanda ake yi wa 'yar maƙwabta. Ya ce, "'Yan mata, je ki ce wa Denzil ya yi sauri. Taragan tama na jira."

Norbert ya ce shebur ya kusa suɓuce masa. Verna ta daɗe tana kallon Arvo. Ta waiwaya ta kalli taragon farko, inda wata yarinya ke hura wa gilashi numfashi tana zana fuska da yatsa. Daga nan ta miƙa hannu ta mayar da shuɗiyar tuta inda ta sauke ta, ta ajiye garwarta, ta durƙusa, ta shige ƙarƙashin taragon 'yan makarantar, ta kwanta rigingine a kan tsakuwa.

Lokacin tashi ya yi ya wuce. Marlys Oberg, shugabar ƙungiyarmu, mace mai kirki wadda ta yi rayuwarta a gidan waya, ta zo da sauri ta tsuguna.

"Verna, me ya lalace?"

"A nan ƙasa, ba komai."

"To fito mana, 'yar'uwa, mutane na jira."

"Sai ya sauko."

Marlys ta rage murya. "Don girman Allah kar ki yi masa haka. Yau ce kawai. Jikokinsa na kallo. Tafiya ɗaya, Verna, ɗaya tak, daga ita shi ke nan."

"Denzil yake nema, Marlys. Bai san ni ba."

"Yakan yi haka, ya dawo daidai. Kin sani."

"Na sani. A kwanar ƙasa zai dawo daidai, ko bayan ta?"

Norbert ma ya diro ya zo ya durƙusa, fuskarsa duk baƙin kwal. "Goggo Verna, ina gefensa fa. Zan sa ido. Na saba."

"Hannu nawa Allah ya ba ka, Norbert? Ɗaya a shebur, ɗaya a famfon ruwa. Na ukun ne zai kama birki?"

"Ai ban taɓa kuskurewa ba."

"Wanda ya sauke tutar babana ma bai taɓa kuskurewa ba, sai ran nan."

Fasinja suka fara leƙowa. Wani mai kyamara a wuya ya ce, "Wai wannan ma cikin wasan ne? Za a yi fashin jirgi kuma?" Wasu suka yi dariya. Kaisa ta ratso mutane ta zo, idanunta jawur. Ba ta tsuguna ba, takalman Verna ta tsaya tana yi wa magana.

"Shi ya share miki ƙofa shekara da shekaru. Shi ya ɗauki akwatin gawar mijinki a kafaɗa. Yau ɗaya da ta rage masa a duniya, ita za ki tozarta shi a gaban gari? Ke wace irin mace ce?"

Verna ta ci gaba da kwanciyarta a kan tsakuwa.

Mijin Kaisa ba mutumin jirgi ba ne, bai san dawan garin ba. Ya ce, "Wai duk a kan wannan guntun kwanon ne? Ku kauce." Ya taka zuwa injin ya miƙa hannu zai cire tutar.

"Sauke hannunka!"

Tsawar ta sa har yaran cikin tarago suka ja da baya. Arvo ne, ya leƙo rabin jikinsa ta taga, jijiyar wuyansa a miƙe. "Sauke hannunka ko in karya shi! Makaho ne kai? Akwai mutum a ƙasa!"

Arvo ya kalli tutar. Ya karanta sunan da shi da kansa ya rubuta. Ya kalli jama'a, ya kalli 'yarsa tana kuka, ya kalli Norbert wanda ya sunkuyar da kai. Waɗanda suke kusa sun ce a fuskarsa suka ga hankalinsa ya dawo, kuma da ma bai dawo a lokacin ba, don ya dawo ne ya tarar da kowa ya san abin da yake ɓoyewa.

Ya sauko da baya, a hankali, ya ture hannun da aka miƙa masa. Ya je ya tsaya a kan takalman nan biyu.

"Verna."

"Na'am, Arvo."

"Akwai abin da ya lalace a taragon nan?"

"Babu."

"To ni ne ke nan."

Ta ce, "Kai ne."

"A gaban jikokina."

"'Yan makaranta ne a saman kaina, Arvo. Da jikarka a ciki."

Ya koma injin, ya zare mariƙin birki, ya dawo ya jefar da shi a tsakuwa kusa da ƙafarta. Ya ce, "Ga shi nan. Fito kar sanyi ya kashe ki." Har ya juya, sai ya ƙara da cewa, "Kar ki zo jana'izata."

Hilja ba ta fita ran nan ba. Ƙaramin injin dizal ne ya ja tarago biyu ta ɓangaren da ba gangara, ya je gada ya dawo. Yawancin mutane suka koma motocinsu suna mita. Kek ɗin ya kwana a kan tebur ba wanda ya sa masa wuƙa. Verna ta fito, ta sauke tutarta, ta kwashe kayanta, ta wanke hannu da kananzir kamar kullum.

Da a ce wani abu ya faru daga baya da ya nuna gaskiyarta, da labarin ya fi sauƙin faɗi. Babu abin da ya faru. Jirgi bai faɗi ba, tunda bai tashi ba. Ba wanda zai iya nuna yaro ya ce wannan da ya mutu. Abin da mutane suka gani da idonsu shi ne tsoho yana tafiya zuwa mota da sabuwar hula a hannu. Har gobe akwai masu cewa da an bar shi da ya kai su ya dawo da su lafiya, kuma babu mai iya rantsuwa cewa ƙarya suke yi. Verna ma ba ta taɓa cewa ƙarya suke yi ba.

A cocinsu aka daina sa sunanta cikin masu gasa fasti. Wasu tsofaffin rumfa suka daina zuwa in sun san tana nan. Da dusar ƙanƙara ta fara sauka, ƙofarta ta toshe, ta fito da shebur ta share da kanta. Duk da haka ba Asabar ɗin da ta fashe. Cikin hunturu, jirgi ba ya fita, rumfa kamar cikin firji, tana nan kwance a kan kwali ƙarƙashin tarago mafi tsufa, tana sauya masa katakon da ya ruɓe, da tutarta a rataye ko da ba injin da ke da wuta a duk faɗin gundumar.

Shi kuwa Arvo, gigin tsufa ya ci gaba da cin sa. Wata rana da la'asar, ana tsaka da guguwar ƙanƙara, ya fita da silifas. A kan dogo aka same shi, ya nufi tasha, wai ya makara. Sanyi ya cinye masa wasu yatsun ƙafa. Daga asibiti aka wuce da shi gidan kula da tsofaffi da ke bayan coci. Can ma bai zauna ba. Kullum sai ya sa hula ya nufi ƙofa, in an tare shi ya yi kokawa, har ya gurɗe wa wata ma'aikaciya hannu. Suka ce sun gaza. Ko dai a riƙa ba shi maganin da zai kwantar da shi yini guda kamar gawa, ko a kai shi wani gida mai makulli a babban birni, inda ba ya da kowa.

Norbert ne ya kai wa Verna labarin. Ya same ta a ƙarƙashin tarago, ya faɗa wa takalmanta. Ta ce, "Miƙo mini tsumma." Ta fito ta goge hannu, ta sauke tutarta, ta sa a mota.

Kaisa na zaune a bakin ɗakin mahaifinta lokacin da Verna ta shigo da rigar aiki.

"Me kika zo yi? Wani abin ya rage ne da ba ki ƙwace ba?"

"Ba wajenki na zo ba."

Ta rataye tutar a jikin ƙofar ɗakin, ta ciki, daidai tsayin idonsa. Ta fito ta jawo kujera ta zauna a baranda.

Ba a jima ba Arvo ya tashi, ya sa hula, ya dogara sanda ya nufo ƙofa kamar kullum. Ma'aikaciyar da ke ɗakin ta gyara tsayuwa. Sai ya tsaya cak. Ya kai yatsa kusa da farin rubutun, bai taɓa ba. Ya ja da baya, ya zauna a bakin gado, ya ɗora hula a gwiwa.

Ma'aikaciyar ta ce, "Baba, yau ba fita?"

Ya harare ta. "Ke sabuwa ce ko? Akwai mutum a ƙasa."

Ya manta sunan matarsa. Ya manta yadda ake ɗaura igiyar takalmi. Wannan ɗaya bai manta ba. Tun ran nan bai sake kokawa da kowa ba, ba a ba shi maganin ba, ba a kai shi birni ba. Kaisa ta fito baranda ta tsaya a kan Verna, sannan ta tafi ta dawo da gahawa kofi biyu. Iyakar abin da ya shiga tsakaninsu ke nan, har yau.

Da bazara ta dawo, Marlys ta sa aka yanka wa Verna sabuwar tuta, aka rubuta sunanta da kyau. Verna ta juya ta, ta mayar mata.

"Sunana ba zai rataya wuri biyu ba. Ran da aka saba ganin tutar Verna ba Verna a ƙasa, ran nan an kashe wani."

"To ai waccan ba ta jirgi ba ce yanzu."

"Ta jirgi ce. Shi ya sa yake jin maganarta. Tuta ɗaya gare ni, Marlys, kuma sau biyu ina tsare mutumin nan da ita. Ba zan sake shiga ƙarƙashin tarago in ce a yarda da ni ba."

Ta yi bazarar nan a tsaye, tana koya wa mutum biyu aikin, su a ƙasa da tutocinsu, ita tana zaginsu daga sama. Da ta ga sun iya jin bushewar ulu da yatsa, ta rataye garwarta a ƙusa ta tafi.

Yanzu kullum da rana tana baranda a gidan tsofaffi. Ta ce tunda tutar ta ce tana nan, to gara ta kasance tana nan. Wani lokaci takan shiga ta zauna da shi. Bai san ta ba. Ya ɗauka mai shara ce, ko wata daga coci. Fushin ma ya tafi tare da sauran abubuwan, ba ta samu ya yafe mata ba, ba ta kuma samu ya ci gaba da fushin ba.

Verna 'yar Denzil, mai garwar mai, ke ce kika kwanta a kan tsakuwa mai sanyi ranar da dukanmu muke tsaye muna shirin tafi. Mun so shi, ke ma kin so shi, kin ma fi mu, amma mu mun zaɓi abin da zai sa ya yi mana murmushi, ke kika ɗauki abin da zai sa ya tsane ki. Ke ce kika faɗa masa "kai ne" da ya tambaya, alhali mun yi bazara guda muna kauce wa idonsa. Yaran da ke saman kanki ran nan sun ƙara aji, ba su san sunanki ba, iyayensu ma wasu har yanzu haushinki suke ji. Mun gode. Mun makara da faɗi, kuma ba dukanmu ne muka yarda a faɗa ba, amma mun gode.

Ku kuma 'yan'uwa na rumfa, wani zai sake tsufa a cikinmu. Wataƙila yana nan yanzu yana neman abincinsa a akwatin sifana. Kada mu bari sai ranar kek da jikoki. A ja shi gefe tun da wuri, a faɗa masa a inda ba jama'a, kar a sake barin mace ɗaya ta ɗauki abin da ya kamata mu raba. In kun haɗu da ita a kanti, ku bar gwangwanin nan ku gaishe ta. In kuna da rana guda, akwai kujera ta biyu a barandar.

Makon jiya Norbert ya je ya zauna a kanta. Ya ce daga baya shi da Verna suka shiga ɗakin Arvo, suna zaune sai suka ji usur ɗin Hilja daga tasha. Arvo ya ɗaga kai, ya laluba hularsa, ya kalli tutar, ya kalli matar da ke yanka masa fasti ƙanana-ƙanana a faranti.

"Baiwar Allah, don Allah leƙa ki ce wa Verna ta yi sauri. Fasinja na jira."

Ta tsame wani guntun karas da bakin wuƙa, ta ajiye a gefe, ta tura masa farantin.

"Ci abincinka, tsoho. Ta ce ba ta gama ba."